Uwargida, da sunan wa aka yi wa sana'arki rajista?

Da turmi biyar na atamfa kika fara, kin saro a Kantin Kwari da ke Fagge kina tallatawa a WhatsApp. Allah ya sa albarka, yau har kin kama shago a kasuwar Sabon Gari. Sai ga wata makaranta tana son yadin yunifom mai yawa, amma ta ce sai kin kawo takardar rajista da asusun banki mai sunan sana'arki. Ciniki da yawa a nan yake kuɓuce wa mata.

Dokar kamfanoni ta sauya, kuma sauyin ya yi miki daɗi. A ranar 7 ga Agusta 2020 shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar dokar da ake kira CAMA, wadda ta maye gurbin ta 1990. A da sai mutum biyu ne za su kafa kamfani, shi ya sa mata da yawa suke saka sunan maigida ko ƙani don cika sharaɗi. Yanzu ke kaɗai za ki iya kafa kamfaninki, ke ce mai shi, ke ce darakta. Ƙaramin kamfani kuma ba dole ba ne ya ɗauki sakatare.

Hanya biyu mata suka fi bi a hukumar CAC. Ta farko ita ce rajistar sunan kasuwanci. Ta fi araha da sauƙi, sai dai a idon doka ke da sana'ar abu ɗaya ne. Idan bashin dila ya hau kan shago, ana iya bin ki har kan gwal ɗinki da filinki. Ta biyu ita ce kamfani mai "Limited" a ƙarshen sunansa, wanda mafi ƙarancin jarin hannayensa naira 100,000 ne. Shi doka tana kallonsa a matsayin mutum mai zaman kansa: bashinsa nasa ne, sai fa idan kin tsaya masa lamuni da kanki ko an yi algus. Ko bayan ranki kamfanin yana nan, hannayen jarinki su shiga cikin gadon da za a raba wa magada.

Idan da cikakken sunanki na gaskiya kike sana'a ba tare da ƙari ba, doka ba ta tilasta miki rajistar suna ba. Amma da zarar kin laƙaba wa shagon wani suna na daban, kwana 28 kike da shi daga fara kasuwanci.

Ga inda ake yin kuskure. Kin ba wani kuɗi ya yi miki rajista, shi kuma ya saka sunansa da lambar NIN ɗinsa saboda sauri. A wurin hukuma da banki, shi ne mai sana'ar. Ranar da aka samu saɓani, ko ya rasu, takarda za a duba. Don haka ki karɓi takardun ki karanta da idonki: sunanki ne a wurin mai shi? Lambar wayarki da imel ɗinki aka saka?

Rajista kuma tana da ɗawainiya. Mai sunan kasuwanci tana miƙa bayanin shekara kafin ƙarshen watan Yuni, idan ta makara tara ta hau. Mai yin zoɓo, yaji ko man shafawa a kwalba kuwa, takardar CAC ba ta maye gurbin lambar NAFDAC.

Yau da dare, bayan yara sun kwanta, ki ɗauko takardar shagonki ki duba sunan da ke kai.