Kafin a miƙa maraya: Abin da ake bincika a gidan mai neman riƙo

A ranar 17 ga Oktoba, 2021, 'yan bindiga suka buɗe wuta a kasuwar Goronyo, inda gwamnatin Jihar Sakkwato ta ce mutum 43 ne suka rasu. Shekara uku kafin nan, a Yulin 2018, an kashe fiye da mutum 30 a ƙauyen Tabanni da ke gundumar Gandi a Ƙaramar Hukumar Rabah, waɗanda suka tsira suka kwarara garin Gandi gudun hijira.

Bayan an gama jana'iza da zaman makoki, akwai maganar da dangi ke yankewa a zaure cikin 'yan mintuna: wa zai ɗauki yaran? Baffa ya tafi da biyu, gwaggo da ke aure a Wurno ta karɓi ƙaramar. Ba mai zuwa ya duba inda za su kwana.

Ga wanda ya je neman yaro ta hannun hukuma kuwa, misali daga gidan marayu na gwamnati da ke birnin Sakkwato, lamarin ba ya tafiya da wannan saurin.

Dokar Haƙƙin Yara ta Tarayya ta 2003 ce ta shimfiɗa tsarin da jihohi ke dubawa in za su yi tasu. Sakkwato ta samu tata Dokar Kare Yara a Nuwamban 2021, lokacin Gwamna Aminu Waziri Tambuwal. A dokar ta tarayya, mai neman a mallaka masa yaro sai ya kai shekara 25, kuma ya girmi yaron da aƙalla shekara 21. Zai kawo shaidar aure da takardar lafiya daga asibitin gwamnati, sannan yaron ya zauna a hannunsa wata uku a jere kafin kotu ta yanke hukunci. A tsakanin nan kotu kan tura jami'in walwalar yara ya binciki gidan ya kawo rahoto.

Wannan ziyarar ita ce ƙashin bayan aikin. A Ingila binciken kan ci kimanin wata shida, cikin matakai biyu. A Amurka har zanen yatsu ake ɗauka don a ga ko mutum ya taɓa aikata laifi. A ko'ina tambayoyin kusan ɗaya ne. Ina yaron zai kwana, kuma da wa? Me maigida ke samu, damina da rani? Akwai makaranta da asibiti kusa? Me ya sa ake son yaron?

Bahaushe bai kamata wannan ya zame masa baƙo ba, don ba ya ba da 'yarsa aure sai ya aika an tambayi mai unguwa da limami da maƙwabta halin manemin. Jami'in da ya san aikinsa a ƙauyukan Wurno ko Goronyo ta nan zai bi, tunda manomin shinkafa ko tafarnuwa ba shi da takardar albashin da zai nuna. Rumbunsa da shaidar mutanen unguwa su ne takardarsa.

Sai dai inda binciken ya fi kaifi shi ne cikin gida, wurin matan. Namiji ne ke sa hannu, amma mace ce ke riƙo. Idan uwargida ba da son ranta aka kawo yarinya ba, ko kuma an kawo ta ne don a samu mai wanke-wanke da ɗaukar farantin talla, ginin siminti da babur a ƙofar gida ba za su nuna haka ba. Shi ya sa ake ganawa da miji daban, mata daban, a kuma ji ta bakin yaran gidan. A gidan da ke da kishiyoyi, dole a san ɗakin wacce yaron zai shiga, da abin da zai faru ranar da aure ya mutu.

Malaman Malikiyya sun riga dokar boko zuwa nan. A babin reno sun jera wanda ya fi cancanta: uwa, sai kaka ta wajen uwa, sai 'yar'uwar uwa, kafin a gangara ga sauran dangi. Sun kuma sa sharuɗɗa: hankali, amana, iya ɗawainiya, wurin zama mai tsaro, da rashin cuta mai yaɗuwa. Namiji kuwa sai in yana da macen da za ta kula da yaron.

Abin da Musulunci ya hana shi ne sauya wa yaro uba, kamar yadda ya zo a Suratul Ahzab kan Zaidu ɗan Harisa. Ɗan riƙo yana nan da sunan mahaifinsa, ba ya gadon mariƙinsa, amma ana iya yi masa kyauta ko wasiyya da abin da bai wuce kashi ɗaya cikin uku na dukiya ba. Ba ya zama muharrami sai in an shayar da shi cikin shekara biyun farko. Wannan tsari na kafala har Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 ta ambace shi a sashe na 20. Don haka mai bincike a Sakkwato yana da ƙarin tambaya: shin mai nema ya yarda yaron ya san asalinsa?

Akwai kuma dukiya. Marayan da mahaifinsa ya bari da gonar fadama a gefen madatsar ruwan Goronyo, ko 'yan shanu, ba ya rasa masu son riƙonsa. Rubuta abin da aka bar masa a gaban alƙali ko hakimi, tun kafin ya koma wani gida, shi ne zai raba gardama ranar da ya girma.

Matsalar ita ce duk wannan tsari yana hawa kan yara ƙalilan ne, galibi tsintattu da waɗanda aka rasa danginsu. Mafi yawan marayun gabashin Sakkwato suna hannun 'yan'uwa, wasu ma a hannun kakannin da su kansu ke gudun hijira. Kuma ko a inda doka ta ce a koma a duba yaro bayan an miƙa shi, jami'in zai fara tambayar lafiyar hanyar ƙauyen ne kafin ya hau babur.