Kafin ka shafa wa gidan ƙasa siminti

Da zarar damina ta ɗauke, kaka ta shigo, sai lungunan Kano da Zariya da Katsina su cika da tulin yashi da buhunan siminti. Wani zai yi wa ɗansa aure, yana so ya gyara masa sashe. Wani ya sayar da amfanin gona, kuɗi sun shigo hannu. Wasu kuma magada ne da aka raba wa gida, kowa yana son ya fitar da ƙofarsa. Da yawa daga cikin gidajen nan na ƙasa ne, kakanni suka gina su da tubali, kuma abin da maigida ke fara tunani kusan iri ɗaya ne ko'ina: a yi filasta, a manna tayil, a sa silin na POP, a shafa fenti. Nan kuɗin ke ƙarewa. Abin da ke rushe gida kuwa, wato ruwa da nauyi, sai a bar shi yadda aka same shi, wani lokacin ma gyaran ne ke ƙara masa ƙarfi.

Bangon ƙasa yana shan laima, yana kuma fitar da ita. Idan ruwa ya taɓa shi da daddare, rana da iska sukan busar da shi washegari. Da wannan magina na da suka dogara, shi ya sa suke sabunta yaɓe a kai a kai, suke shafa makuba da ake samu daga ɓawon ɗorawa, masu hali kuma su sa laso da ake haɗawa da abin da ya kwanta a ramin karofi. Duk waɗannan suna kare bango daga dukan ruwa ba tare da sun toshe shi ba.

Siminti ba haka yake ba. Da farko dai ba ya kama ƙasa yadda yake kama bulo, zama kawai yake yi a kanta. Sannan zafin rana da sanyin dare ba sa motsa su daidai, don haka ba a daɗe ba filastar take tsagewa, tsaga siririya da ido ba ya damuwa da ita. Ta nan ruwan sama ke shiga. Ya shiga kuma ba shi da hanyar fita, sai ya zauna tsakanin filasta da bango yana jiƙa tubali, kamar wanda aka sa wa rigar leda yana gumi. Daga waje gidan fes, fenti yana ƙyalli. Daga ciki ƙasa ta zama taɓo. Idan Agusta ta zo, aka jera kwanaki ana ruwa, sai bangon ya zauna gaba ɗaya, sau da yawa cikin dare, mutane suna barci. Washegari a ce ruwa ne ya yi yawa. Ruwan kam ya yi yawa, amma katangar maƙwabci da ba ta taɓa ganin siminti ba, yaɓe kawai ake mata, tana nan tsaye.

Wanda ya riga ya yi filastar, ya ɗauki ɗan ƙarfe ko ya dunƙule hannu ya bi bangon yana ƙwanƙwasawa. Inda ya ji ƙarar tana amsawa alamar babu komai a baya, filasta ta rabu da bango. A fasa wurin a duba, kada a jira. Wanda bai yi ba tukuna kuma ya ga lallai sai ya yi, to ya sassauta. Bangon gabas ne ya fi shan duka, domin daga can hadari ke tasowa a ƙasarmu, shi ya fi buƙatar kariya. A kafa ragar waya da ƙusoshi kafin a shafa, don filastar ta sami abin riƙewa, a kuma riƙa toshe duk tsagar da ta bayyana kafin ruwan fari. Amma kada a rufe bango ciki da waje da siminti, balle a bi shi da fentin mai ko tayil. A bar masa fuska ɗaya ta yaɓe da farar ƙasa inda laima za ta fita. Tayil a jikin bangon ƙasa, ni dai ban ga amfaninsa ba sai ɓoye ciwo.

Gidan bulo ma bai tsira ba. Kowa ya san yadda kanwa ke cin gindin bango, fenti ya kumbura, filasta ta riƙa zuba kamar gari. Maganin da ya zama yayi shi ne a manna tayil daga ƙasa zuwa daidai taga. Bayan damina ɗaya ko biyu sai kanwar ta ɓullo a saman tayil ɗin, domin laimar daga ƙasa take hawowa, an toshe mata nan ta ƙara gaba. Kamata ya yi a nemo inda ruwan yake fitowa: bututun famfo da ya fashe a cikin bango, sokawe da ta cika, kwata da ke kwance a gindin katanga, ko kuma tun farko ba a shimfiɗa leda a kan fandisho ba.

Akwai wata matsala da tsofaffin unguwanni suka sani sarai. Duk lokacin da aka gyara titi ko aka cike lungu da ƙasa, hanya tana ƙara tudu, gida yana komawa rami. Maigida sai ya ɗaga dokin ƙofa da bulo biyu don kada ruwan waje ya shigo, ya manta cewa na tsakar gida ma yana neman mafita. Idan kuma aka malale tsakar gidan duka da siminti, ruwan da ƙasa take shanyewa a da ya koma dogaro da rariya ɗaya. Kafin a zuba siminti, a tabbatar daɓen ya gangara zuwa rariyar, rariyar kuma ta fi lambatun waje tudu. Indararo ya yi tsawon da zai jefa ruwa nesa da gindin bango, kuma kada ya zuba a katangar maƙwabci. Masu unguwanni sun gaji da sasanta wannan rigimar.

Sai batun nauyi, wanda shi ne ya fi saurin kisa. Iyali sun ƙaru, fili ya yi tsada, sai a ce a ɗora bene. A kira birkila ya dubi ginin, ya bubbuga bango, ya ce, "Alhaji, zai ɗauka." Birkila ya iya jera bulo, ba a raina masa wannan, amma bai ga fandishon ba, bai san zurfinsa ba, bai san ko akwai rodi a ciki ba. Kankare mai faɗi da tsawo da zurfin mita ɗaya yana kai kilo 2,400. Dakin, wato rufin kankare, mai kaurin santimita 15 a kan ɗaki mai mita 4 kowane gefe ya kusa tan 6, tun ba a ɗora bulon sama da kaya da mutane ba. Tankin ruwa mai lita 1,000 shi kaɗai tan ɗaya ne idan ya cika. Fandishon da aka haƙa don ya ɗauki katako da kwano ba a yi shi don wannan ba. Bangon ƙasa kuwa, kada ma a fara.

Haka yake ga masu rushe bangon tsakiya don falo ya yi faɗi, da masu fasa ɗakin zaure su mai da shi shago. Wani bangon raba ɗaki kawai yake yi, wani kuma rufin ne a kansa. A gidan soro, kan azara a jikin bango yake zaune, ka cire bangon ka cire mata mazauni. Duk ƙofa ko taga da za a fasa sabuwa tana buƙatar linta, kuma a tokare rufin kafin a sa guduma.

Mutanen Kano ba su manta da benen da ake ginawa da ya rufta a kasuwar waya ta titin Beirut a watan Agustan 2022 ba. Kuɗin da injiniya mai rajista da hukumar COREN zai karɓa ya duba gida bai taka kara ya karya ba idan aka gwada shi da kuɗin dakin ɗin kansa. Ƙarin bene kuma yana buƙatar izinin hukumar tsara birane, KNUPDA a Kano, KASUPDA a Kaduna. Mutane suna gudun hukumomin nan saboda jeka-ka-dawo, na sani, amma ginin da ba shi da takarda ranar da aka zo da jan fentin alamar rusau ba shi da mai kare shi. Idan an zuba dakin, a riƙa ba shi ruwa aƙalla kwana 7, kuma a tuna kankare sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da aka lissafa masa. Kafintan da ke matsawa a cire katakon tokara da wuri, wani aikin ne yake son kai shi.

Gini ba ya cika faɗuwa bai yi gargaɗi ba. A watan Agustan 2023, wani sashe na tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina tun wajen shekarun 1830, ya rufta wa masallata ana sallar la'asar, aka rasa rayuka. Fadar Zazzau ta bayyana cewa an lura da tsaga a jikin ginin kwana ɗaya kafin nan. A gida, tsagar da za a ji tsoro ita ce wadda ta tashi a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, da wadda ta ratsa bango har ana ganinta ciki da waje, da wadda ke ƙara buɗewa. A ja layi da fensir a ƙarshenta, a rubuta ranar, a dawo bayan mako. Idan ta wuce layin, ko ƙofar da ke rufuwa lafiya ta fara cijewa, ko ƙasa ta fara zubowa daga rufi, a kwashe yara daga ɗakin a ranar. Azara kuma a soka mata wuƙa a inda ta shiga bango, nan gara da laima suke fara cinta.

Abu biyu kuma da ake yawan tsallakewa. Tsohon silin na asbestos da ke gidajen da aka gina shekaru arba'in ko hamsin baya, ƙurarsa tana haddasa ciwon huhu da daji wanda ba ya bayyana sai bayan shekaru masu yawa. Idan bai fashe ba, barinsa ya fi. Idan dole a cire, a jiƙa shi da ruwa, a sauke shi ɗai-ɗai ba tare da an farfasa ba, masu aiki su rufe hanci da baki, yara su bar gidan. Sannan mai ƙara banɗaki ya dubi inda rijiya take, tasa da ta maƙwabci. Masana lafiya suna ba da shawarar tazarar mita 30 tsakanin masai da rijiya. Gidajen cikin gari kaɗan ne ke da wannan filin, don haka inda tazarar ba ta samu ba, ruwan rijiyar ya tsaya ga wanki da wanke-wanke, na sha kuma a tafasa shi ko a samo daga wani wuri.