Ƙuduji da Sirrin Tsirowarsa

Daga cikin ciyayin da suke addabar manoman dawa da gero da masara a ƙasar Hausa, babu wanda al'amarinsa ya kai na ƙuduji ban mamaki, wanda waɗansu ke kira wuta-wuta. Manomi yakan ga furensa ja-ja ya bayyana a gindin dawa, ya zaci a ranar ne annoba ta sauka, alhali kuwa tun makonni da suka shige tsiron yana ƙarƙashin ƙasa, ya maƙale wa saiwar shuka yana zuƙe ruwanta da abincinta.

Irinsa ƙanana ne ƙwarai, kamar ƙura, tushe guda kuwa yakan zubar da dubun dubatarsu bayan ƙwari sun yi masa barbara, watau sun ɗauko garin wani fure sun kai wa wani. Abin da ya fi cancantar a yi nazari a kansa shi ne, ƙwayar nan tana iya kwanciya cikin ƙasa fiye da shekara goma, ruwan sama yana dukanta ba ta motsa ba, har sai ta ji alamar wani sinadari da saiwar shuka take fitarwa, sa'an nan ta tsiro. In kuwa ba ta sami saiwar da za ta kama ba cikin 'yan kwanaki, sai ta halaka, gama guzurinta kaɗan ne. A shekarar 1966 ne malamai masu bincike a Amurka suka tace wannan sinadari daga saiwar auduga, aka kuma fahimci cewa auduga tana ta da ƙuduji daga barci amma ba ta ciyar da shi. Hikimar juya gona da auduga ko waken soya ko gyaɗa ke nan, domin kowace damina taskar irin da ke cikin ƙasa tana raguwa.

Maganin feshi kuwa, a ganina, an ɗora masa buri fiye da ƙima, tun da yake mafi yawan ɓarnar ta riga ta auku kafin ganye ya fito. Shi ya sa masana suka koma ga shafa wa irin masara mai jure magani wani sinadari, imazapyr, don ya kashe ƙudujin a daidai lokacin da ya kama saiwa. An kuma tabbatar shukar da ke cikin gajiyayyar ƙasa ta fi fitar da alamar nan mai ta da ƙuduji, saboda haka takin gargajiya yana rage illar. Ƙudujin da ya fito fili kuma, lalle ne a tuge shi a ƙone tun bai zubar da iri ba.