Me ya sa kyamara ke rawa a kan ƙafa-uku?

A Adjamé da Treichville, da wuya a yi ɗaurin aure, suna ko Mauludi babu mai ɗaukar hoto. Da yawansu sun mallaki ƙafa-uku, wadda ake kira trépied da Faransanci, amma hoto na fitowa dishi-dishi. Kuma ba a sake ɗaura aure don hoto ya lalace.

Matsalar tana wajen nauyi. Dogon gilashin kyamara, wato objectif, irin 70-200 mm f/2.8, yakan kai kusan kilo ɗaya da rabi, ya fi kyamarar kanta nauyi. Idan aka ɗaura kyamarar ta gindinta, nauyin duk ya rinjaya gaba, kamar tukunyar da aka ɗora a gefen murhu. Shi ya sa manyan gilasai ke zuwa da zobe mai ƙafa, collier de pied. A nan ake ɗaurawa, nauyi ya zauna a tsakiya.

Sai tsayuwar ƙafafun. A fara buɗe gaɓoɓi masu kauri, sirara su zo daga baya. Kada a ɗaga sandar tsakiya sai dole, domin ita ta fi rawa. Ƙafa ɗaya ta fuskanci inda gilashi ya dosa, don ta tare faɗuwa.

Wuri ma yana da nasa. Gadar Houphouët-Boigny, wadda ta haɗa Treichville da Plateau tun 1957, tana girgiza idan manyan motoci na wucewa, ga kuma iskar tafkin Ébrié. A nan sai a rage tsayi, a rataya jaka a ƙugiyar tsakiya, ta ɗan taɓa ƙasa don kada ta riƙa lilo. A cunkoson titin Nangui Abrogoua na Adjamé kuwa, gbaka da masu tura kaya ne abin tsoro, don haka hannu ya kasance kusa da kyamara.

Yatsa ma na girgiza ta. A sa agogon daƙiƙa 2 kafin ta ɗauka. A tsofaffin gilasai, a kashe na'urar rage rawa, IS a Canon, VR a Nikon, domin a kan ƙafa-uku takan jawo rawar da aka sa ta hanawa.

Mai sayen ƙafa-uku ya tafi da kyamararsa da gilashinta mafi nauyi, ya ɗora, ya ƙwanƙwasa ƙafa ɗaya yana kallon allo. In hoton ya daɗe yana rawa, ya nemi wata.