Zauren Fata Ya Koma Bakin Titi

A wani lungu da ke gindin Dutsen Dala akwai zauren da aka daɗe ana cinikin fata a cikinsa. Kakan maigidan ne ya fara shimfiɗa buzu a wurin, uba ya gada, ɗa ya gada. Ofishin ke nan: tabarma, sikeli, akwatin ƙarfe, da littattafan bashi da gefensu ya yi baƙi don yawan buɗawa. Bana dai dole ta sa aka tashi. Lungun ko Adaidaita Sahu sai da dabara yake shiga, balle motar da ke kwasar ƙiraga zuwa masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa. Sai aka kama shago a bakin titi, wajen Ƙofar Ruwa.

Tashi ba baƙon abu ba ne ga 'yan kasuwar birni. Kasuwar Kurmi, wadda Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa a ƙarni na 15, ta sha ganin 'ya'yanta suna fita, musamman bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, hada-hada ta karkata bayan ganuwa, zuwa Fagge da Sabon Gari.

Abin da ya burge ni shi ne maigidan zauren, Alhaji, bai yi gaggawa ba. 'Ya'yansa sun so a kwashe kaya kafin Babbar Sallah, ya ce sam. Mai sayen fata ba ya motsi lokacin layya, don a 'yan kwanakin nan ne fatu ke kwararowa daga unguwanni da ƙauyuka, kuma fatar da ba a sa wa gishiri da wuri ba ta tashi daga aiki. Sai da aka gama gishirtawa, aka ɗora lodin ƙarshe, kasuwa ta yi sanyi, sannan ya sa rana.

Kafin ranar, da ƙafarsa ya je ya sallami mai unguwa, da liman, da maƙwabta gida-gida. Ya zauna da mai shayin bakin lungu ya yi masa kwatancen sabon wuri dalla-dalla, don ya san duk baƙon da ya tarar da ƙofa a rufe, wurin mai shayi zai fara tambaya. Lambar waya kuwa ya hana a canza.

Daren Alhamis 'yan dako suka fara jigila da baro zuwa bakin titi. Kafin a tafi masallacin Juma'a an gama. Littattafan bashi ne kaɗai bai yarda kowa ya ɗauka ba, shi ya rungume su har shago. A cikinsu akwai mahautan da suka karɓi kuɗi tun kafin yanka, da dukawan da suka ɗauki jar fata sai sun sayar su biya. Asabar da safe aka yi addu'a, aka raba goro, aka rataye sikeli.

Duk wanda ya ga halin da masu sayar da magani na Sabon Gari suka shiga a Fabrairun 2024, lokacin da hukuma ta rufe shaguna fiye da 1,000 don a koma sabuwar kasuwar Dangwauro, ya san bambancin wanda ya shirya tashinsa da wanda aka tayar.

Tsohon zauren ma ba a kulle shi ba. An bar yaro guda a ciki. Ina nan wani dattijo daga Damagaram ya yi sallama, ya leƙa, ya ga wayam, jikinsa ya yi sanyi.

"Yaro, ina Alhaji? Lafiya dai ko?"

"Lafiya lau, Baba. Ya koma Ƙofar Ruwa ne. Kawo kayan in riƙe maka, mu je in kai ka."

Alhaji ya ce yaron zai ci gaba da zama a nan har wata layyar ta zagayo, don akwai fataken da sau ɗaya suke zuwa a shekara.