Kallon taurari da na'urar hangen nesa

Kallon taurari da na'urar hangen nesa sha'awa ce da mutane ke yi a gidajensu, a tsakar gida ko bisa soro ko a wani fili bayan gari, ba don albashi ba, kuma ba sai sun yi karatun ilimin taurari ba. Na'urar, wadda ake kira teliskof, tana tattara hasken abin da ke nesa ta kawo shi ga ido. Da ita ake ganin ramukan da ke jikin wata, da zoben Zuhal, da taurari masu yawa da ido kaɗai ba ya iya kamawa.

Tarihi

A shekarar 1608 wani mai yin tabarau a ƙasar Holan, Hans Lipperhey, ya nemi a ba shi haƙƙin mallakar na'urar. Labari ya kai ga Galileo Galilei a Italiya, ya ƙera tasa a 1609, kuma a watan Janairun 1610 ya ga watanni huɗu suna kewaya Mushtari. A 1668 Isaac Newton ya ƙera wadda ke aiki da madubi a maimakon gilashi.

William Herschel makaɗi ne da ke zaune a garin Bath na Ingila, yana goge madubansa da hannunsa. A daren 13 ga Maris 1781, daga lambun bayan gidansa, ya hango wani abu da ya fara ɗauka tauraro mai wutsiya ne. Ashe duniyar Uranus ce, ta farko da aka gano da na'ura.

A ƙarni na 20 John Dobson ya sauƙaƙa lamarin. Ya riƙa haɗa manyan na'urori da katako da bututun kwali, yana kafa su a bakin titunan San Faransisko a Amurka domin masu wucewa su leƙa kyauta. Har yau irin wannan ƙira da sunansa ake kiranta.

Yadda na'urar ke aiki

Iri biyu ne manya. Akwai mai gilashi a baki, wanda ke tanƙwara haske ya tara shi wuri guda, akwai kuma mai madubi mai zurfi kamar akushi a gindin bututu, wanda ke dawo da hasken. Mai gilashi ba ta cika buƙatar gyara ba, amma tana tsada idan ta girma. Mai madubi ta fi araha, sai dai a riƙa daidaita madubanta lokaci zuwa lokaci. Akwai kuma wadda ta haɗa biyun a gajeren bututu.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne faɗin bakin na'ura, ba yawan girmamawarta ba. Ƙwayar idon mutum ba ta wuce kimanin milimita 7 idan ta buɗe a duhu. Na'ura mai faɗin milimita 200 tana tara hasken da ya ninka na ido kusan sau 800, shi ya sa take nuna abubuwa masu dusashewa.

Girmamawa kuwa lissafi ne mai sauƙi: a raba tsawon tazarar da na'ura ke tara haske da na ƙaramin gilashin da ake sa ido a kai. Na'ura mai milimita 1200 da gilashin ido mai milimita 25 za ta girmama abu sau 48. In an canza gilashin, adadin ya canza. Amma akwai iyaka: abin da ke da amfani ba ya wuce kimanin ninki biyu na faɗin baki a milimita. Na'ura mai milimita 60 ta tsaya kenan a wajen sau 120. Saboda haka ƙaramar na'urar da aka rubuta sau 500 ko 600 a kwalinta, talla ce kawai. Abin da za ta nuna dishi-dishi ne. Da yawa daga cikin waɗanda suka watsar da wannan sha'awa, irin wannan na'ura suka fara saya.

Mazaunin na'ura ma abin dubawa ne. In yana rawa, hoton zai yi ta rawa ninkin-ba-ninkin. Kuma da yake duniya tana juyawa digiri 15 a kowace awa, abin da aka saita yakan sulale ya fita daga gani cikin minti ɗaya ko biyu idan girmamawa ta yi yawa, sai a bi shi da hannu ko da ɗan inji.

Abin da ake gani

Wata ne farkon abin dubawa. Ba daren sha huɗu ya fi kyau ba, domin a lokacin haske ya mamaye komai, babu inuwa. An fi ganin duwatsu da ramuka a wajen daren bakwai, a kan iyakar da ke tsakanin haske da duhu.

Zara, wadda ake kira Gamzaki idan ta fito da asuba, ba tauraruwa ba ce a haƙiƙa, duniya ce, kuma na'ura tana nuna tana cika tana raguwa kamar wata. Mushtari yana nuna zane biyu masu duhu a jikinsa, da watanninsa huɗu da ke canza wuri kowane dare. Zoben Zuhal yana fitowa tun daga girmamawa sau 30. Mirrihi ƙarami ne, sai ya matso kusa da duniya, kusan duk bayan wata 26, ake ganin wani abu a jikinsa.

Kaza da 'ya'yanta, da ido ke ƙirga shida ko bakwai, sukan zama gomomi. Masu sha'awa kuma suna bin jerin abubuwa 110 da ke ɗauke da sunan Charles Messier, Bafaranshe mai farautar taurari masu wutsiya. A cikinsu akwai gungun Andromeda, wanda haskensa ya yi tafiyar kimanin shekara miliyan 2.5 kafin ya iso. A na'ura ba a ganin launukan da ke cikin hotunan mujallu. Tabo ne toka-toka, domin ido ba ya tara haske na tsawon lokaci kamar kyamara.

Wuri da lokaci

Hasken lantarkin birni yana dusashe sama. A 2001 John Bortle ya fitar da ma'auni mai mataki 9, daga 1 na sama mafi duhu zuwa 9 na tsakiyar birni. Wata da duniyoyi ba su damu da wannan ba. Gungun taurari ne ke ɓacewa. Ido yana buƙatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, kuma duba waya sau ɗaya ya isa ya mai da hannun agogo baya, shi ya sa ake amfani da tocila mai jan haske.

Ƙasashen da ke kusa da tsakiyar duniya suna ganin yawancin taurarin arewa da na kudu. A Kano, da ke wajen digiri 12 arewa, ana ganin tauraron arewa ƙasa-ƙasa, ana kuma ganin Alpha Centauri ta kudu, wanda ba ya fitowa a Ingila ko Faransa. Hazon hunturu yana rufe sama ko da babu gajimare, ƙurarsa kuma tana ɓata gilashi. Daren da ya biyo bayan ruwan sama yakan fi washewa.

Haɗarin kallon rana

Duban rana da na'urar da ba ta da matacin haske na musamman yana ƙona ido nan take, kuma makantar ba ta warkewa. Ana ɗaura matacin a bakin na'ura, ba a wajen ido ba, domin na wajen ido zafi na iya fasa shi. Baƙin tabarau da gilashin da aka turara da hayaƙi ba sa karewa. Ko a lokacin husufi, irin wanda ya ratsa Gana da Najeriya da Nijar da Chadi ranar 29 ga Maris 2006, haɗarin yana nan muddin gefen rana yana waje.

Gudummawa ga kimiyya

Manyan cibiyoyi ba sa iya sa ido a ko'ina a kowane dare, nan 'yan sha'awa ke shigowa. Ƙungiyar AAVSO, da aka kafa a Amurka a 1911, tana tattara bayanansu a kan taurari masu canza haske. A watan Yulin 1995 Thomas Bopp, yana leƙa na'urar abokinsa a Arizona, ya ga tauraro mai wutsiya a dare ɗaya da Alan Hale, aka sa masa suna Hale-Bopp. A Yulin 2009 Anthony Wesley, daga gidansa a Ostareliya, ya fara ganin baƙin tabo a jikin Mushtari inda wani abu ya faɗa masa, sannan manyan na'urori suka juya suka tabbatar.