Hanya Ita Ce Ran Ƙauye

Jama'a, da yawa suna tsammani lalacewar hanya wahalar direbobi ce kaɗai. Ba haka ba ne. Labarin ƙasar Garkida da Lassa ya isa ya nuna mana yadda rashin hanya ya ke taɓa lafiya da ilimi da arziki gaba ɗaya.

A cikin 1923 waɗansu 'yan mishan biyu daga Amurka, watau Stover Kulp da Albert Helser, suka sauka a Garkida, bakin kogin Hawul, cikin ƙasar Bura. Suka kafa makaranta da ɗakin magani, daga baya kuma da mazaunin kutare. A zamanin nan jirgin ƙasa bai kai gabas ba, sai a 1964 dogo ya isa Maiduguri. Saboda haka magani da wasiƙu da kayan gini sai an ɗauko su daga nesa, wani wuri a lori, wani wuri a kan 'yan dako.

Da rani hanya takan biyu, ko da ya ke da ƙura da gargada. Amma in damina ta sauka, rafuka su cika, taɓo ya riƙe mota, sai zirga-zirga ta tsaya. A wancan zamani, a hanyoyin burji akan sa shinge bayan ruwan sama, a tsare manyan motoci har ƙasa ta tsane, don kada su farfasa ta.

Iyalan 'yan mishan sun ɗanɗana wannan nisa. A 1924 matar Kulp ta rasu a Garkida, ita da jaririn da ta haifa. Da 'ya'yansu suka isa karatu, sai aka buɗe musu makarantar Hillcrest a Jos a 1942, yara suka riƙa yin watanni ba su ga iyayensu ba. A 1969 kuwa, sa'ad da wata ma'aikaciyar jinya, Laura Wine, ta kamu da baƙon zazzaɓi a Lassa, a ƙaramin jirgin sama aka kai ta Jos, inda ta rasu. Ciwon nan ne yanzu a ke kira zazzaɓin Lassa.

To, a lura. Baƙo yakan sami jirgin sama in ta ɓaci, amma talaka fa? Mai naƙuda da wanda maciji ya sara, a kan jaki ko gadon kara a ke ɗaukarsu, sau da yawa rai ya yi halinsa a hanya. Manomi kuma ya sayar da gyaɗarsa da araha, ya sayi gishiri da kananzir da tsada, domin mai mota yana ɗora kuɗin wahalarsa a kan kaya. Malamin makaranta da malamin asibiti su ma ba su son zama inda mota ba ta zuwa.

Ruwa shi ne babban abokin gāban hanya. Don haka kafin damina a yashe lambatu, a fid da yashi daga bakin kwalbati, kada a yi noma har gefen hanya. In an ga zaizaya ta fara cin gindin gada, a gaya wa dagaci ya sanar da ƙaramar hukuma tun da wuri. Ramin da kwandon tsakuwa zai cike bana, baɗi sai an kawo lori goma.